Majalisa ta gayyaci Sufeto Janar ya ƙi zuwa: daga nan sai me?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke ɗaure mini kai. Kusan kowane mako sai a ji majalisa ta gayyaci minista kaza, ko ta ba Sufeto Janar na 'yan sanda awa 48 ya bayyana, ko ta ce za ta sa a kamo shugaban wata hukuma. Daga nan sai shiru kamar an shuka dusa. Shin doka ta ba su ikon tilasta wa mutum ya zo ya amsa tambaya, ko kurari ne kawai? In kuma ya zo ya amsa, me ke biyo baya? Masana shari'a da masu sanin aikin majalisa, a fahimtar da mu.

Lauyan_Talaka:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ikon yana nan a rubuce, kuma ba ƙarami ba ne. Wurare uku za ka duba a kundin tsarin mulki na 1999.

Sashe na 67(2) ya ce minista zai halarci zaman kowace daga cikin majalisun biyu idan aka gayyace shi ya yi bayanin yadda ma'aikatarsa ke tafiya. Sashe na 88 ya ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai ikon bincikar duk wani abu da suke da hurumin yi masa doka, da duk mutum ko hukumar da aka ɗora wa aiwatar da doka ko kashe kuɗin da majalisa ta ware. Sashe na 89 kuma shi ne mai haƙora: a karɓi shaida, a rantsar da mutum, a aika wa kowa sammaci a faɗin Najeriya, in ya ƙi zuwa ba tare da uzuri mai gamsarwa ba a fitar da takardar kamo shi, a kuma ɗora masa kuɗin wahalar kawo shi.

Amma akwai shinge. Sashe na 88(2) ya ce binciken na dalili biyu ne kawai: yin doka ko gyara kuskuren wadda ake da ita, sai kuma bankaɗo cin hanci, rashin iya aiki ko almubazzaranci. Majalisa ba kotu ba ce. Ba ta yanke wa mutum hukuncin laifi, ba ta ɗaure shi, ba ta kore shi daga aiki.

Sarkin_Gardama:
Barista ka tsaya a daidai inda zancen ya fara daɗi. Karanta mana 89(2). Wa zai aiwatar da takardar kamun? Ɗan sanda. To idan wanda za a kamo shi ne Sufeto Janar, wane kurtu ne zai je hedikwata ya ce wa ogansa "yallaɓai, muje"? An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ba ma sai an yi hasashe ba. A 2018 Majalisar Dattawa ta gayyaci Sufeto Janar Ibrahim Idris sau uku kan kama Sanata Dino Melaye da kuma kashe-kashen da ake yi a jihohi. Bai zo ba, ya turo mataimakinsa, suka ƙi sauraron mataimakin. A watan Mayu suka ayyana shi maƙiyin dimokuraɗiyya wanda bai cancanci riƙe muƙami ba. Mutumin ya ci gaba da zama a kujerarsa har Janairun 2019 da lokacin ritayarsa ya yi.

Lauyan_Talaka:
@Sarkin_Gardama ƙaramin gyara: sashen ya ce ɗan sanda, ko duk wanda Shugaban Majalisar Dattawa ko Kakakin Majalisar Wakilai ya ba izini. Don haka a takarda za su iya tura jami'in tsaron majalisa mai ɗaukar sanda. A aikace kuwa, na yarda da kai, ba mai barinsa ya wuce ƙofa.

Bakatsine_01:
Kar a manta da Hameed Ali na kwastan a Maris 2017. Shi ya ma zo, suka kore shi wai sai ya sa kaki. Asalin maganar kuwa harajin tsofaffin motoci ce da ta tada hankalin jama'a. Aka bar jaki ana dukan taiki, makonni ana rigimar tufafi.

Mai_Lissafi:
Ni a ganina kun fi mayar da hankali kan sammaci, alhali ba nan ƙarfin majalisa yake ba. Ƙarfinta na wurin kuɗi. Sashe na 80 ya hana a cire ko kwabo daga asusun gwamnatin tarayya sai da amincewarta. Shugaban hukumar da ya raina gayyata a watan Mayu, da ƙafarsa yake zuwa lokacin kare kasafi, har da ɗan murmushi.

Matsalar ita ce yadda ake ɓarnatar da wannan zaman. Kwamitin harkokin 'yan sanda kan samu takardun hukuma a safiyar ranar zama, wani lokaci a ƙofar ɗakin. Shafi ɗari biyu, wa zai karanta a minti goma? Sai a ɓuge da tambayar "me ya sa tsaro ya taɓarɓare", shi kuma ya amsa da "muna iya ƙoƙarinmu, kuɗi ne ba su isa ba". An tashi.

Kwamitin da ya san aikinsa yakan sa akawunsa ya rubuta wa hukuma tun mako biyu kafin zama, ya nemi abu huɗu a jere a kan kowane layi na kasafin bara: nawa aka ware, nawa Akanta Janar ya saki, nawa aka kashe, nawa ya rage. Waɗannan lambobi huɗu ba ɗaya ba ne, kuma a tsakaninsu ake ɓoye komai. Za a ce an ware kuɗin gyaran bariki, amma kashi 30 cikin 100 kawai aka saki, a cikin talatin ɗin nan ma rabi ya tafi biyan bashin ɗan kwangilar shekarar da ta wuce. In ba ka raba su ba, za ka zargi rundunar da laifin ma'aikatar kuɗi, ko ka wanke ta daga nata. Sannan a nemi jerin kwangiloli da sunan kamfani da wurin aiki da kashin da aka kammala, da jerin ma'aikata don a gwada da kuɗin albashi. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ma ta wajabta fitar da rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku, cikin kwana 30 bayan ƙarewar zangon. Ɗan majalisar da bai riƙe wannan rahoton a hannu ba, hira ya je yi.

Tambaya ɗaya da nake so a riƙa yi wa kowane Sufeto Janar: nawa ne ke isa hannun DPO a wata don mai, takarda da abincin waɗanda ke tsare? A kawo takardar tura kuɗin, caji ofis bayan caji ofis. Amsar wannan ita ce ke bayyana dalilin da ya sa ake ce wa mai ƙara ya kawo kuɗin mai.

Uwar_Biyu:
Mai_Lissafi Allah ya ƙara basira. Amma ba komai ne kuɗi ba. Mutanen da ke cike da gidajen gyaran hali, sama da kashi 60 cikin 100 jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wa majalisa za ta tambaya a kan wannan? 'Yan sanda su ce kotu ce, kotu ta ce ma'aikatar shari'a ce, ma'aikatar shari'a ta ce 'yan sanda ba su kawo fayil ba.

Barista_Zee:
Hajiya, wannan zagayen da kika faɗa shi ne ainihin ciwon, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta tanadi takardun da za su karya shi. Saura a nema.

Sashe na 33: a ranar aiki ta ƙarshe ta kowane wata, mai riƙe da caji ofis zai kai wa majistare mafi kusa jerin duk waɗanda aka kama ba da takardar kamu ba, ko an ba su beli ko ba a ba su ba. Sashe na 34: babban majistare, ko wanda babban jojin ya wakilta, zai ziyarci caji ofis da sauran wuraren tsare mutane aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, yana iya ba da beli nan take ko ya ce a kai mutum kotu. Sashe na 29: Sufeto Janar zai aika wa Antoni Janar bayanan kamu duk wata uku. Sashe na 111: shugaban gidajen gyaran hali zai aika wa babban joji da Antoni Janar, duk kwana 90, sunayen waɗanda suka haura kwana 180 suna jiran shari'a. Tsarewa da umarnin kotu kuwa, kwana 14 ne a karon farko, ana iya ƙara wasu 14, daga nan dole a kira masu gabatar da ƙara su nuna dalilin ci gaba da riƙe mutum.

To ga yadda tambaya mai amfani take. Kar a ce wa Antoni Janar "me kake yi kan cunkoso". A ce: a cikin rahotanni huɗu da sashe na 111 ya ce ka karɓa bara, nawa suka iso teburinka, a wace rana, mutum nawa ne a ciki, fayil nawa ka ba da shawara a kansu? Ko dai ya kawo takarda, ko ya amsa da bakinsa cewa ba a bin doka. Duk wanda ya faɗa, an samu abin kamawa.

A lura, wannan dokar ta tarayya ce da Abuja. Jihohi na da nasu, Kaduna ta yi tata a 2017, Kano a 2019, kuma lambobin sassan kan bambanta.

Ɗan_Gwandu:
Wannan jumlar ta ƙarshe ta Barista Zee ita ce mutane ke tsallakewa. Yawancin masu jiran shari'a laifin jiha ake tuhumarsu da shi: fashi, kisa, sata. Wanda ke riƙe da fayilinsu daraktan gabatar da ƙara ne na ma'aikatar shari'ar jiha, ba Abuja ba. 'Yan sanda su gurfanar da mutum gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron kisa, a tura shi gidan yari a jira shawarar lauyan gwamnati, fayil ya kwanta. Majalisar jiha ce ya kamata ta kira kwamishinan shari'a, kuma sashe na 128 da 129 sun ba ta irin ikon da 88 da 89 suka ba ta tarayya. Tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ma jiha na iya gina nata gidan gyaran hali. Yaushe rabon da ku ji majalisar jiharku ta tambayi lauyoyi nawa ne a sashen gabatar da ƙara, kuma fayil nawa ke kan kowane?

Sarkin_Gardama:
Majalisar jiha? Wadda ke amincewa da kasafin shekara guda cikin 'yan kwanaki? Haba Ɗan Gwandu.

Baban_Khalifa:
To majalisar jiha za ta iya kiran kwamishinan 'yan sanda?

Lauyan_Talaka:
Nan akwai saɓani. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tal a ƙasa, kuma harkarta na cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Tunda binciken majalisar jiha ya taƙaita ga abin da take iya yi wa doka, kwamishina na iya cewa ba hurumin ku ba ne. Ko gwamna ya ba shi umarni, sashe na 215(4) ya ba shi damar cewa sai an miƙa maganar ga Shugaban Ƙasa ko ministan da ya wakilta. Amma akwai ƙofa: kuɗin jiha. Motocin sintiri, mai, alawus na rundunar haɗin gwiwa, duk abin da ya fito daga asusun jiha majalisar jiha na da ikon bin sawunsa. Ta nan ake shiga. A gayyace shi kan motoci hamsin da aka saya, ba kan yadda yake tura jami'ansa ba.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ku bari in kawo muku yadda tsarin yake a wajenmu a Nijar kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rushe majalisa. Depite, wato ɗan majalisa, na da hanyoyi daban daban: tambaya a rubuce, tambaya da baki, da kuma kiran minista ya zo zaure a titsiye shi a kan magana guda. A saman duka akwai ƙuri'ar yanke ƙauna, wadda in ta wuce gwamnati dukanta ta faɗi. Kuma ta taɓa wucewa. Ranar 31 ga Mayun 2007 depitoci 62 cikin 113 suka kada gwamnatin Faraminista Hama Amadou, kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare da aka fi sani da MEBA. Ministan da ya san ana iya tuɓe shi da ƙuri'a, amsarsa daban take da ta wanda ya san shugaban ƙasa kaɗai ke iya sallamarsa.

Malam_Na_Landan:
Bamaraɗe ya taɓo tushen abin. Tsari ne ya bambanta. A Birtaniya minista ɗan majalisa ne, kujerarsa na cikin zaure, ba gayyatarsa ake yi ba. Ma'aikatu na amsa tambayoyin baki bi da bi, kowace na dawowa kusan duk mako biyar. Firaminista na amsa nasa duk Laraba da ƙarfe 12 na rana, kimanin rabin awa, jagoran 'yan adawa na da tambaya shida. Wannan shi ake nunawa a talabijin, amma ihu ya fi yawa a ciki.

Aikin gaske na cikin tambayoyin rubuce. Ɗan majalisa ya miƙa tambaya, misali fursunoni nawa ke jiran shari'a a gidan yari kaza a ƙarshen watan jiya, ya ma iya sa ranar da yake son amsa. A buga tambayar da amsar a kundin majalisa, kowa ya gani a intanet. Bayan wata shida ya sake yin ta, a gwada amsoshin biyu. Idan minista ya faɗi abin da ba daidai ba, ƙa'ida ta ce ya dawo ya gyara, wanda kuma ya yaudari majalisa da gangan ana sa ran ya ajiye aiki. Rahoton kwamiti kuma, al'ada ita ce gwamnati ta mayar da martani a rubuce cikin wata biyu.

Abin mamaki, a takarda kwamitocin Najeriya sun fi nasu ƙarfi, don can kwamiti ba ya iya tilasta wa minista zuwa. Su ma suna da hanyar zillewa: a tambayi ministan cikin gida kan wani kamu ya ce wannan aikin 'yan sanda ne, ba ya sa baki, ko a ce tattara amsar zai ci kuɗi da yawa.

A Najeriya sashe na 147(4) ya ce ɗan majalisar da aka naɗa minista ya bar kujerarsa ke nan. Shi ya sa minista baƙo ne a zaure.

Ɗan_Zongo:
Gana na tsakiya. Shugaban ƙasa ne ke mulki kamar Najeriya, amma sashe na 78 na tsarin mulkin 1992 ya ce mafi yawan ministoci daga majalisa za a ɗauko su, kuma akwai lokacin tambayoyi da minista ke tsayawa ya amsa. Abin da ya fi tasiri shi ne kwamitin asusun gwamnati: ɗan adawa ke shugabanta, a bainar jama'a yake zama. Odita Janar zai miƙa rahoto cikin wata shida bayan ƙarewar shekara, kuma yana da ikon ɗora wa jami'i biyan kuɗin da ya kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 2017 Kotun Ƙoli ta ce wannan ikon wajibi ne ya yi amfani da shi. Illar tsarin kuwa, ɗan majalisar jam'iyya mai mulki da ke hangen kujerar minista ba ya son yin tambaya mai zafi.

Mai_Lissafi:
Tunda Ɗan Zongo ya kawo maganar odita, ga misali daga gida wanda ya haɗa duk abin da muke faɗa. Rahoton Odita Janar na tarayya na shekarar 2019 ya ce bindigogi 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a iya ba da bayaninsu ba zuwa Disambar 2018, ciki har da AK-47 guda 88,078, sannan wasu 3,907 zuwa Janairun 2020. Yaushe kwamitin asusun gwamnati na Majalisar Dattawa ya zaunar da rundunar a kan guda 3,907 ɗin? Fabrairun 2025. Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya zo, ya ba da haƙuri kan rashin amsa gayyatar baya, ya bar wani mataimakinsa ya amsa. Aka nemi a yi zaman sirri, kwamiti ya ƙi.

Ku lissafa tazarar. Shekara biyar. Sufeto Janar na Janairun 2020 ya tafi, wanda ya gaje shi ma ya tafi, mai kula da ɗakin makamai an canja masa wurin aiki ko ya yi ritaya. Sashe na 85(5) ya ba odita kwana 90 ya miƙa rahoto, amma kwanakin na fara ƙirguwa ne daga ranar da Akanta Janar ya kawo masa lissafin shekara. In wancan ya makara, komai ya makara.

Tsohon_Insifeto:
Ƙarin haske kan bindigogin, don kar a ɗauka duka sayar da su aka yi. Kowace bindiga na da lamba, kowane ɗakin makamai na da rajistar fita da shiga, jami'i ya sa hannu ya karɓa, ya sa hannu ya mayar da ita da adadin harsashi. In an kashe jami'i an ƙwace bindigarsa, ko an ƙona caji ofis kamar yadda aka yi da yawa a Oktoban 2020, akwai matakai: a aika saƙon gaggawa zuwa hedikwatar jiha, a cike fom ɗin asarar kayan gwamnati, a kafa kwamitin bincike, sannan a cire ta daga littafi. Inda ake faɗuwa shi ne matakin fom da na cirewa. Bindiga ta tafi shekaru, a littafi tana nan. Odita ya zo ya ƙirga ya ga giɓi.

Don haka tambayar da ta dace ita ce a kawo lambar kowace ɗaya, da rundunar da aka ba, da rahoton asararta. Wadda ke da rahoto a ware ta gefe. Wadda ba ta da shi, ita ce abin tsoro, kuma a nan ne ya kamata a kira sunan wanda ya sa hannu na ƙarshe.

'Yar_Zazzau:
Duk kun ɗauka masu tambayar tsarkaka ne. Binciken tallafin mai na 2012 ya fi kowane tada ƙura, ya kuma bankaɗo abubuwa na gaske. Shugaban kwamitin, Farouk Lawan, kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 don cire kamfani daga jerin waɗanda ake zargi. Aka yanke masa shekara bakwai a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar biyar, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024. Tun daga nan duk wanda aka gayyata yana da abin fakewa.

Akwai kuma matsalar da ba ta kai laifi ba amma tana kashe bincike: kwamiti zai je duba aikin hukuma, hukumar ce ke biyan mota da masauki. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga yawan kwamitoci, Majalisar Wakilai mai mutum 360 tana da sama da ɗari, hukuma ɗaya sai kwamiti uku ko huɗu su kira ta a mako guda kan abu ɗaya. Wannan na ba shugabanta hujjar turo wakili.

Sarkin_Gardama:
Ga kuma babba. Bayan yankan manoman shinkafa a Zabarmari a ƙarshen Nuwamban 2020, Majalisar Wakilai ta gayyaci Shugaba Buhari, aka ma sa rana, 10 ga Disamba. Ana gobe Antoni Janar Abubakar Malami ya fito ya ce majalisa ba ta da hurumin kiran shugaban ƙasa kan yadda yake sarrafa sojoji. Bai zo ba. To ina haƙoran da Barista ya ce?

Lauyan_Talaka:
Lauyoyi sun rabu a kan wannan. Masu goyon bayan majalisa na cewa sashe na 89 ya ce "kowane mutum a Najeriya", bai cire kowa ba. Ɗaya ɓangaren na cewa 67(1) ya ce shugaban ƙasa "yana iya" zuwa, alhali minista aka ce "zai" zo, sannan sashe na 308 ya hana a kama shi ko a tilasta masa bayyana ta hanyar sammacin kotu. Ko an ce suna iya gayyata, ba sa iya tilastawa. Abin da ya rage musu sai tsigewa a ƙarƙashin sashe na 143, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa.

@Baban_Khalifa wannan ya dawo da mu rabi na biyu na tambayarka, me ke biyo baya. Matsayar da majalisa ta cimma ta hanyar ƙuduri shawara ce ga ɓangaren zartarwa, ba doka ba. Abin da ke ɗaure gwamnati uku ne: doka, kasafi, da tantance naɗi. Rahoton bincike da bai rikiɗe ya zama ɗaya daga cikinsu ba, ko ba a miƙa shi ga EFCC ko ICPC ba, a kabad zai ƙare.

Barista_Zee:
Kuma yakan rikiɗe wani lokaci, kar mu zalunce su. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta maye gurbin wadda aka gada tun 1943. Ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kamu kan bashi ko rigimar kwangila, ta ce a sa aƙalla ɗan sanda ɗaya mai shaidar lauya a kowane dibishin. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ma daga majalisa ta fito. Sai dai majalisar da ta sa wa'adin shekara huɗu ga Sufeto Janar, ita ce a Yulin 2024 ta gyara dokar cikin gaggawa don mai kujera ya cika wa'adinsa ko shekarun ritayarsa sun cika. Wanda ya nemi a yi masa wannan gyaran ya same shi da wuri. Dibishin nawa ne ke da lauyan da aka ce a sa, wannan har yanzu tambaya ce da ke jiran mai yin ta.

Uwar_Biyu:
To mu da ba mu da kujera fa? Asibitin unguwa ba magani, makaranta ba malami, ta ina ake sa ɗan majalisa ya yi tambayar?

Akawun_Kwamiti:
Hajiya hanya biyu ce, kuma sun fi aiki in an haɗa su.

Ta farko takardar koke. A rubuta ta ga Kakakin Majalisa ko Shugaban Majalisar Dattawa, amma ta hannun ɗan majalisa za ta shiga, shi zai gabatar da ita a zaure, a tura wa kwamitin koke-koken jama'a. A sa suna da sa hannu da adireshi, a faɗi abin da ya faru da rana da wuri, a haɗa kwafin shaida, a ƙarshe a faɗi abin da ake roƙo a fili. Abubuwan da ke kashe koke: maganar na gaban kotu, babu sa hannu, zagi a ciki, ko roƙo marar kan gado irin "a yi mana adalci". A rubuta "a umarci hukuma kaza ta kawo takardar biyan kuɗin aikin kaza". In majalisa ta ƙare wa'adinta ba a kammala ba, sai an sake shigarwa.

Ta biyu dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kowa na iya rubuta wa hukumar tarayya ya nemi takarda ba sai ya faɗi dalili ba, tana da kwana bakwai ta amsa, tana iya ƙara bakwai. A karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, shi ne hujja in za a je kotu.

Kan asibiti da makaranta, a san layin kuɗin tukuna. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, wani ɓangare na tafiya kai tsaye asusun asibitocin da aka tantance. Hukumar ilimin matakin farko ta UBEC na samun kashi 2, amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, shi ya sa kuɗin wasu jihohi ke kwance a Abuja. Kin ga tambayar makaranta ta majalisar jiha ce: shekara nawa rabon da mu biya namu kason? Ta asibiti kuma: asibitin mazaɓa kaza na cikin jerin, nawa ya shiga asusunsa a zangon da ya wuce, wa ya sa hannu aka fitar?

Bakatsine_01:
Sai dai a samu ɗan majalisar da zai ɗauki waya.

Ɗan_Gwandu:
Ba dole sai naka ba. In na mazaɓarka ya yi kunnen uwar shegu, ana iya bi ta wani, musamman ɗan adawa da ke cikin kwamitin da abin ya shafa.

Baban_Khalifa:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu akwai inda ban gamsu ba. Mai_Lissafi ya ce makamin shi ne kuɗi. A ce Sufeto Janar ya ƙi zuwa, majalisa ta ce ba za ta taɓa kasafin 'yan sanda ba. Wa zai ji a jikinsa, shi ko kurtun da ke jiran albashi?

Mai_Lissafi:
Ba albashi ake taɓawa ba, shi ne kaso mafi girma a kasafin rundunar kuma ba mai hankalin da zai riƙe shi. Layin ofishin shugaban ake nema: tafiye-tafiye, sayen motocin manya, sabon ginin hedikwata. A rage su, ko a rubuta a cikin dokar kasafin cewa ba za a saki kaza ba sai an kawo rahoto kaza.

Sarkin_Gardama:
In kuma ma'aikatar kuɗi ta saki kuɗin ba tare da rahoton ba, wa za ku aika ya kamo ministan?

Barista_Zee:
Wannan kam sai kotu, don ya zama karya dokar kasafi. @Lauyan_Talaka kana ganin ɗan majalisa ɗaya na da hurumin shigar da irin wannan ƙarar, ko sai majalisar ta shigar da sunanta?